Maganinmu Motsi Ne, Zafi Kuma Yana Neman Ƙwace Shi

  

A wannan makon za mu ɗauke ku zuwa inda muke koyon aiki a asibiti, wato sashen gashi, wanda wasu ke kira fisiyo. Akwai wani kuskure da muka tafka a can, mu ɗaliban aji uku, kuma mun ga ya dace ku ji shi. Ya shafi darasin sauyin yanayi da ake koya muku a aji, ya kuma shafi kakanninku da ke gida.

Mene ne aikin likitan gashi?

Mutane da yawa in suka ji an ce gashi, sai su ɗauka ruwan zafi ne da tawul, ko kuma tausa. Akwai su a ciki, amma ɗan kaɗan ne daga aikin. Likitan gashi shi ake tura wa mutum idan jikinsa ya daina motsi yadda ya saba: wanda ɓarin jikinsa ya shanye, wanda ya karye aka yi masa ɗori gaɓar ta ƙage, yaron da ya shekara biyu bai fara zama ba, mai ciwon baya, mai asma da majina ta cika wa ƙirji. Abin da ake rubuta wa majinyaci a sashenmu shi ne: ɗaga hannu sau goma, tashi ka zauna sau goma, taka daga nan zuwa can. Maganinmu motsi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 2.4 a duniya suna da wata larura da ke bukatar irin wannan kulawa ta farfaɗo da jiki. Kusan mutum ɗaya ke nan cikin uku.

Abin da ya faru da Baba

A watan Fabrairu aka kawo wani dattijo mai sayar da goro, hawan jini ya shanye masa ɓarin dama. Za mu kira shi Baba kawai. Jikansa ne ke rako shi a A Daidaita Sahu, yaro ɗan SS2 kamar wasunku, wanda makarantarsu ta 'yan yamma ce. Baba mutum ne mai barkwanci da ƙwazo. Cikin mako huɗu ya fara takawa da sanda.

Malamarmu ta ce mu tsara masa aikin gida. Muka buɗe littafi muka rubuta: tafiya ta minti goma sha biyar a waje kullum, da wasu motsin hannu. Malama ta duba ta amince. Lokacin yin tafiyar kuwa mu muka faɗa da baki a bakin ƙofa. Muka ce wa jikan, "Ka riƙa fita da shi kafin ka tafi makaranta." Ba mu tsaya mun lissafa cewa wannan lokacin wajen ƙarfe goma sha ɗaya zuwa sha biyun rana ba ne.

Afrilu na shigowa, Baba ya daina zuwa. Sai bayan mako biyar muka sake ganinsa. Gwiwar hannunsa ta lanƙwashe, yatsunsa sun dunƙule, ƙafar da ya fara ɗagawa ta koma ja. Jikan ya ba mu labari. Wata rana suna cikin tafiyar, jiri ya ɗebi Baba, saura kaɗan ya faɗa kwata. Tun daga ranar ya tsorata ya ce ba ya ƙara fita. Ya koma kwanciya a ɗaki mai rufin kwano, ga shi ba wuta balle fanka. Ya kuma rage shan ruwa da gangan, domin zuwa banɗaki yana ba shi wahala, kuma yana jin nauyin kiran surukarsa ta kama shi.

Malama ta dubi yaron ta ce, "Ɗana, akwai inuwa a layinku?"

Ya ce, "Da akwai darbejiya guda biyu, Malama. An sare su lokacin da za a gina shaguna."

Sai ta juyo gare mu ta ce, "Kun tambayi inda zai taka kafin ku ce ya taka?"

Babu wanda ya iya ɗaga kai a cikinmu. Baba ne ma ya cece mu, ya ce, "Malama, ki yi wa jikokina haƙuri. Ba su suka kawo rana ba."

Gaskiya ne ba mu muka kawo rana ba. Amma mako biyar ba ƙaramin abu ba ne ga mai shanyewar ɓarin jiki. Mafi yawan sauƙin da ake samu yana zuwa ne a cikin wata uku zuwa shida na farko, lokacin da ƙwaƙwalwa ke saurin koyon sababbin hanyoyin sarrafa jiki. Gaɓar da aka bar ta ba motsi kuma takan ƙage. Zafi ya cinye wa Baba wani ɓangare na lokacinsa mafi tsada.

Me zafi ke yi wa jiki?

Ku tuna darasin bayoloji. Jikin ɗan Adam yana son zama a wajen digiri 37. Idan tsoka tana aiki, kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da take ƙonawa zafi yake zama. Dole jiki ya fitar da wannan zafin, kuma hanya biyu yake bi. Yana tura jini zuwa fata, wanda ke ƙara wa zuciya aiki. Yana kuma fitar da gumi, wanda bushewarsa a kan fata ke sanyaya jiki. Mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da gumi lita ɗaya ko fiye cikin awa guda. Idan iskar waje ta fi jikin zafi, hanyar farko ta toshe, sai gumi kaɗai. Idan kuma iskar ta yi laima, kamar gab da faɗuwar damina, gumin ma ba ya bushewa da sauri.

Yanzu ku dubi waɗanda ke zuwa sashenmu. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, ba ya kuma yin gumi kamar yaro. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, ruwan jiki ya ragu. Wanda ya samu rauni a laka, sau da yawa sashen jikinsa da ke ƙasa da raunin ba ya yin gumi yadda ya kamata. Mai sikila kuwa, ƙarancin ruwa a jiki na cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwo. Wato waɗanda suka fi bukatar motsi su ne zafi ya fi yi wa illa.

Ai bazara da ma da zafinta

Wani zai ce, tun kaka da kakanni ana zafi a Afrilu, mene ne sabo? Haka ne. Sabon shi ne zafin yana ƙaruwa. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, inda zafin duniya ya haura na kafin zamanin masana'antu da wajen digiri 1.5. Dalili shi ne iskar kabon da ke fita daga ƙona fetur da gas da kwal, da kuma sare dazuzzuka. Wannan iska tana taruwa a sama tana riƙe zafi kamar bargo.

A ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, wani matsanancin zafi ya rufe yankin Sahel. A garin Kayes na ƙasar Mali ma'auni ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu. Asibitin Gabriel Toure da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, da yawa daga cikinsu tsofaffi. Masana da suka yi nazarin lamarin sun ce ba don ɗumamar duniya da ɗan Adam ya jawo ba, da zafin bai kai haka ba. Mali maƙwabciyar Nijar ce, kuma yanayinmu ɗaya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ba zafi kaɗai ba

Sauyin yanayi yana shigowa sashenmu ta wasu ƙofofin ma. Akwai ambaliya. A 2022 ruwa ya kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, ya raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa. A Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri har ya shiga asibitin koyarwa na jami'ar garin. A irin wannan rana, ku yi tunanin mai keken guragu, ko tsohuwar da ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Mai ƙafa yana gudu, su fa? Bayan ruwa ya janye kuma akwai waɗanda gini ya faɗa wa suka karye, da waɗanda ruwa ya tafi da kekensu ko sandunansu.

Akwai ƙura da hayaƙi. Masu asma sun san abin da hazon hunturu ke yi musu, kuma duk inda itatuwa suka ƙare ƙasa ta zama fili, iska ta samu abin kwasa. Hayaƙin girki da itace ko gawayi da makamantansu a cikin gida, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, yana da hannu a mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Akwai kuma cututtukan da ke bin yanayi. Sanƙarau ya fi yaɗuwa a lokacin rani da ƙura da zafi. Zazzaɓin cizon sauro yana bin ruwan da ya kwanta. Duka biyun in suka taɓa ƙwaƙwalwar yaro suna iya barinsa da raunin jiki, daga nan sai a turo mana shi. Shi ya sa a 2023 ƙungiyar likitocin gashi ta duniya ta fitar da matsaya a rubuce kan sauyin yanayi da lafiya, tana kira ga 'ya'yanta su ɗauki lamarin a matsayin wani ɓangare na aikinsu.

Asibiti ma yana da nasa kason

Wani abin da ya ba mu mamaki shi ne, harkar lafiya kanta tana ƙara wa duniya zafi. Wani rahoto na 2019 ya nuna cewa asibitoci da masana'antun magani da jigilar kayansu suna fitar da kashi 4.4 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. Da ƙasa ce, da ita ce ta biyar. Mafi yawan wannan daga ƙasashe masu arziki yake fitowa, domin Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Duk da haka darasin ya shafe mu. Kowane janareta da aka tayar, kowace na'ura da aka sayo daga waje ta lalace aka rasa mai gyara, kowace tafiya ta kilomita hamsin don motsin da za a iya yi a gida, duk kuɗi ne da mai da hayaƙi.

A nan ne maganar ɗorewa ta shigo. Ma'anarta mai sauƙi ce: a yi aiki ta hanyar da za a iya ci gaba da ita gobe da jibi, ba tare da an cinye rabon na baya ba. Aikin gashi ya dace da wannan, domin yawancinsa ba ya bukatar wuta. Robar ruwa ta lita ɗaya in an cika ta kilo ɗaya ce, ta isa ɗagawa don ƙarfafa hannu. Robar cikin tayar keke da ta tsufa tana maye gurbin robar motsa jiki da ake sayowa da tsada. Masu walda a garuruwanmu sun daɗe suna ƙera kekuna masu ƙafa uku ga waɗanda shan inna ta taɓa, kuma in ya lalace mai gyaran keke na bakin titi zai gyara. A Zimbabuwe aka ƙirƙiro dabarar yin kujeru masu ƙwari da kwali da tsohuwar takarda da kokon fulawa, kuma yau ana amfani da ita a ƙasashen Afirka da dama wajen yi wa yaran da ba su iya zama da kansu kujera daidai jikinsu.

Yadda muka gyara

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Muka zauna da Malama da Baba da jikansa muka sake tsari. Tafiya ta koma bayan sallar Asuba, kafin rana ta ɗaga, daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa, jikan na gefensa. Da rana, motsin zaune ne a zaure inda iska ke ratsawa. Aka sa randa kusa da shi, aka kuma ajiye masa fo a bayan labule don kada kunya ta hana shi shan ruwa. Robar ruwa rabin lita ta zama abin ɗagawa. Don yatsu kuwa, Malama ta tambaye shi abin da ya fi kewa, ya ce ƙirga goro. Sai aikin ya zama ɗaukar goro ɗaya-ɗaya daga faranti zuwa kwano, da jan carbi da hannun da ya shanye. Zuwa asibiti ya koma sau ɗaya a mako biyu, sauran kuma jikan ya ɗauko bidiyo a waya ya nuna mana.

Ba za mu ce muku komai ya dawo daidai ba. Baba yana zuwa masallaci da sandarsa shi kaɗai yanzu. Hannun kuwa ya buɗe, amma bai iya riƙe kofi cike ba har yau. Ko da bai rasa waɗancan makonni biyar ba zai iya? Allah ne masani. Mu dai tun daga lokacin ba mu ƙara cewa kowa ya fita tafiya ba sai mun yi tambaya uku: Da wane lokaci? Akwai inuwa? Akwai ruwa?

Naku aikin

Na farko, jikinku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum, kuma matasa huɗu cikin biyar a duniya ba su cika wannan. Kada zafi ya sa ku daina ƙwallo ko tsalle-tsalle. Lokacin za ku sauya: da sanyin safiya ko da yamma liƙis. Ku sha ruwa kafin wasa da lokacin wasa da bayansa. Fitsarin da ya yi ja alama ce ta jiki yana neman ruwa. Zuwa makaranta a ƙafa ko a keke, in da hali, motsa jiki ne da ba ya cin mai ba ya fitar da hayaƙi.

Na biyu, ga siniyoyi da shugabannin ɗalibai. Sa ƙaramin yaro durƙuso ko tsallen kwaɗo a tsakar rana a watan Afrilu ganganci ne. Ba ku san wane ne mai sikila ko asma a cikinsu ba. In horo ya zama dole, akwai shara a inuwa.

Na uku, ku san alamun haɗari. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da ɗaurewar tsoka suna nufin a tsaya, a shiga inuwa, a sha ruwa. In mutum ya fara sambatu, ko ya rikice, ko ya suma, jikinsa kuma ya yi zafi rau, to rai ake magana. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa shi da ruwa mai sanyi ana yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki.

Na huɗu, tsofaffin gida. Ku leƙa su da rana, ku miƙa musu ruwa ko ba su nema ba. In akwai mai shanyewar ɓarin jiki, kada a ja shi ta hannun da ya shanye wajen ɗaga shi, kafaɗar tana iya gocewa. Kada a gasa masa wurin da ba ya ji da ruwan zafi, zai ƙone bai sani ba. Kada kuma a tsayar masa da maganin hawan jini saboda zafi sai da izinin likita. Duk motsin da za ku taya shi, ya zama wanda likitan gashi ya nuna muku.

Na biyar, inuwa. Bishiya ɗaya a makarantarku ba za ta tsayar da ɗumamar duniya ba, wannan aikin manyan ƙasashe ne da gwamnatoci. Amma za ta sanyaya wurin da take, kuma wannan a hannunku yake. Ku dasa in damina ta kankama, ku kewaye da ƙaya saboda awaki, kowane aji ya ɗauki tasa ya riƙa ba ta ruwan alwala da na wanke hannu har ta wuce rani biyu. Kafin ma ku nemi sabon dashe, ku duba kututturan da ke tohowa a bakin katanga. Manoman Maraɗi da Damagaram tun daga shekarun 1980 suka riƙa barin irin waɗannan kututture suna rage musu rassa su bar mafi ƙarfi, kuma ta haka aka dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a gonakin Nijar.

Jikan Baba ya ce mana ya dasa darbejiya ɗaya a ƙofar gidansu, ya kewaye ta da tsofaffin bulo. Ya kuma tambaye mu darussan da ake bukata don karanta aikin gashi. Mun faɗa masa, ga shi ku ma mun faɗa muku: Turanci da lissafi da fizis da kemistiri da bayoloji, sai a dage.

Aikin gida na wannan mako: ku ƙirga bishiyoyin da ke ba da inuwa tsakanin gidanku da makarantarku, ku tambayi wani babba a unguwa nawa ne a da. Ku rubuto mana abin da kuka samu, tare da sunan makaranta da aji, za mu kawo wasu daga cikin amsoshin a wannan shafi.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A yi karatu, a sha ruwa, a gaida su Kaka.